Jirgin Da Ba Ya Kuka

A Mai Wurno, can bakin kogi,
kakana Bagudu na da gadon igiya
da bai taɓa barin kowa ya ɗaure masa ba.
Shi ke saƙa abinsa,
yana gwada kowane ƙulli da haƙori.
Yakan ce, wanda igiya ta taɓa riƙe ransa
ba ya ba yaro amanar ƙulli.

Ba kama shi aka yi ba.
Shi ya ɗaga hannu a filin jiragen Wadi Sayyidna,
yana ɗan kafinta, da ƙusa a baki,
ranar da aka ce ana neman mai tuƙa
jirgin da ba shi da inji.
Katako ne da zane da danƙo.
Ya ce in dai itace ne, ai mun san juna,
kwalekwale ma ba shi da zuciya,
ga shi kullum yana ƙetare ruwa.

Da dare ake jan su.
Babban jirgi a gaba yana ruri,
su a baya kamar maraƙi ranar kasuwa,
tsakaninsu igiya, tsakaninsu duhu,
har sai ƙasar da ba su san sunanta ba
ta shimfiɗu a ƙasa, baƙa ƙirin.

Sai a saki.

Nan kakana yakan ajiye finjalin gahawa.
Ya ce, Ladiyo, ban taɓa jin shiru ba sai ran nan.
Iska kawai ke shafar zane
kamar ana tankaɗe gari a maƙwabta.
A bayana mutum goma sha uku da alfadari ɗaya.
Wani ya kama Yasin, ya maƙale a aya guda,
yana ta maimaita ta,
ba wanda ya iya ɗora masa.

Jirgin nan ba ya sake shawara.
Ba shi da bari in zagayo.
Sauka ɗaya aka rubuta masa,
ko ta yi kyau, ko a tsinci tsumma.

Bahit wad Jabir, ɗan Sinja, na zaune a damansa,
mai dariya da gefen baki,
da dabino bakwai a aljihun riga.
Fiffike ya daki kututture.
Alfadari ya fito ba ko ƙwarzane,
ya sunkuya yana cin ciyawa.
Bahit bai fito ba.
Kwana uku bayan nan, yunwa ta sa
suka raba dabinon nan tsakaninsu.
Tun daga ranar, ko azumi ya kai,
da ruwa kaɗai kakana ke buɗe baki.

Ya dawo ba lambar yabo,
sai ƙugiyar ƙarfe cikin gwangwanin shayi.
A kasuwar kifi suna ce masa Direban Iska,
suna ƙyafta wa juna ido.
Bai taɓa yi musu gardama ba.
Yakan ɗaga kai ya dubi shirwa
tana shawagi bisa masu gyaran tarwaɗa,
ya ce mini, dubi, ko kaɗa fiffike ba ta yi.
Ita ta san ban yi ƙarya ba.

Daren da jikinsa ya yi nauyi
an ɗauke wuta, kogi ya cika yana gunji.
Na riƙe hannunsa da hannu biyu,
na riƙe har yatsuna suka sage.
Ya buɗe ido, ba ni yake kallo ba.
Ya ce, Ladiyo, kina ja da yawa.
Na ga filin.
Saki.

Na saki.

Iska ta taɓa labulen ƙofa, ta wuce.

Da aka yi bakwai, kawuna ya zo kwance gadon,
wai za a raba itacen.
Ya yi da farce, ya yi da tsinke,
ƙulli ko ɗaya bai ba shi hanya ba.
Gadon na nan a ƙarƙashin dalbejiya.
Nakan kwanta a kai da la'asar,
ina ƙirga shirwa.